Itacen Jegon Zakiyya

Raƙumin Illo mai kawo itace bai gama durƙusawa ba Iyatu ta hango laimar Hajiya Balaraba ta ɓullo daga lungu. A duk unguwar Gawon Nama ba ta da mai sayen itace kamar wannan mata, ba ta kuma da mai ɗaga mata hankali kamarta.

Hajiya ba ta yi sallama ba. Ta wurgo wani guntun itace mai rabin ƙuna, ya faɗi a bakin rumfar.

"Iyatu, icce nic ce ki ba ni, ko kara?"

"Hajiya, ina kwana? Ya mai jego?"

"Mai jego tana nan inda iccenki yab bar ta. Tun da safe nika hura wanga abu, ruwa bai tafasa ba sai da hantsi. Ke ko kunya ba ki ji?"

"Geza ce, Hajiya, busassa. Ji nan." Iyatu ta ɗauki biyu ta gwara, suka yi ƙwal.

"Ban zo jin kiɗa ba. Ƙirya nika so, mai garwashin da ka kwana bai mutu ba."

Tun rasuwar mijinta Iyatu take wannan rumfa. Takan ce kowane itace da muryarsa a cikin wuta. Geza surutu gare ta, kalgo gunaguni yake yi, ƙirya kuwa ba ta magana, shiru take cin gindin tukunya. Ɗanyen itace shi ne mai kuka, har hawaye yake zubarwa ta ƙarshensa, shi ya sa ba ta sayar da shi. Unguwa duk ta san haka.

Hajiya ta sa Illo ya kwance kayan da ya ɗauko tun daga ƙauyukan bayan Wamakko. Ta tsugunna tana tona dami ɗaya bayan ɗaya, wannan siriri ne, wancan gara ta taɓa shi, wancan kuma warinsa bai yi mata ba. Raƙumin ya juyo da dogon wuyansa ya dube ta yana tuƙa, kamar wanda ya taɓa jin wannan zance a wani gari. Da ta gama watsa kayan, ta nuna dami biyu da bakin laima.

"Ki ɗauko da kanki. Ba ni son ƙafar namiji cikin gidan mai jego."

Al'ada ce, idan mace ta kusa haihuwa mijinta ya tara itacen da za a dafa mata ruwan wanka har ta yi arba'in. Da tsayin itacen ake auna miji. Jamilu, ɗan Hajiya na fari, mai sayar da atamfa a kasuwa, ya tara nasa a ƙofar gida har ya zarce katanga. Masu wucewa sukan tsaya su ce kai, wannan yarinya ta yi dacen miji. Abin mamaki, ba a taɓa zare ko sanda guda daga wannan tsibi ba. Na ƙonawa daban Hajiya take saye kullum da kuɗinsa, don kada na ƙofa ya ragu a idon mutane. Ƙadangaru ne kawai suke morar sa.

Bazara ce, irin ta Sakkwato, wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Iyatu ta sauke damin a tsakar gida kusa da murhu, inda rabin duro ke ɓararraka, ganyen dogon yaro na juyawa a ciki. Hajiya ta shiga ɗakin girki dama kunun kanwa. Iyatu ta ce bari ta leƙa ta gaida mai jego.

Da ta ɗaga labule, zafi ya mare ta kamar ta buɗe tanda. An rufe taga, an cusa tsumma a kowace kafa don kada iska ta shigo. A ƙarƙashin gadon ƙarfe akwai kasko cike da garwashi. Zakiyya, matar Jamilu, tana zaune a kan gadon an tokare ta da matasai, jaririn na barci a gefenta.

Da ƙyar Iyatu ta gane ta. Wannan ce siririyar amaryar da takan zo rumfa tana tsokanarta, ta ce Inna, ki ba ni gyara ko in auri raƙumin Illo in riƙa samun icce kyauta. Yanzu fuskar ta cika ta yi sheƙi, zoben hannunta ya nutse a cikin yatsa. Iyatu ta danna ƙaurinta da babban yatsa, wurin ya lotsa kamar tuwo, ya ƙi tasowa.

"Ɗiyata, kwanta mana ki huta."

"Ba ni iya kwanciya, Inna. In na kwanta, numfashi ka tsayawa." Tana magana tana hutawa a tsakanin kalmomi, kamar mai hawan tudu da tulu a ka.

"An kai ki asibiti?"

"Bayan suna an kai ni. Likita yac ce zuciyata ta gaji. A daina ruwan zafi, a daina kanwa, a fidda wuta daga ɗaki, a maido ni."

"Maigidanki ya ji?"

"Shina tsaye anka faɗi."

Haihuwar fari ce, da a gidan iyayenta za ta yi wanka. Amma uwarta ta rasu tun tana ƙarama, ubanta manomi ne can bayan Wamakko, ba mace a gidan da za ta kula da ita. Shi ya sa ta faɗa hannun surukarta.

Zakiyya ta dubi labule, ta kama hannun Iyatu. Tafinta zafi rau.

"Inna, don girman Allah, gobe ki kawo ɗanye."

"Ɗanye?"

"In ɗanye ne ruwan ba ya tafasa sosai. Garwashin ma ba ya daɗewa. Ko kwana guda in samu in sha iska. Kada ki faɗa mata ni nic ce."

Takun Hajiya ya matso. Zakiyya ta saki hannun ta sunkuyar da kai.

Iyatu ta wuni da maganar a ƙirji. Da la'asar ta ga wasu mutane suna sassare rassan dogon yaro da suka taɓa wayar lantarki a bakin titi. Ta roƙe su, suka bar mata. Ta datse su gajeru gajeru, ta ɓoye su a tsakiyar dami, ta lulluɓe da ƙirya ta waje. Ta ɗaure igiyar da sauri, kamar mai ɗaure kayan sata. Da safe ta kai, ta sauke, ta fito ba ta yarda sun haɗa ido da kowa ba.

Rana ba ta yi tsaka ba ta ji ƙarar baro. Hajiya ce a gaba, mai baro a baya. Ta sa ya juye kayan a ƙofar rumfa, a gaban mai kayan miya da mai gyaran babur da matan da suka zo saye.

"Jama'a, ku zo ku ga tsohuwar banza! Cikin wagga bazara, da ko kashin jaki ya bushe, ina kinka samo ɗanyen icce in ba da gangan ba? Gidana ya turnuƙe da hayaƙi. Yarinya ta yi tari har ta yi amai, jinjiri ido ya yi ja. Kashe min su kika son yi?"

Iyatu ta sunkuyar da kai. Hayaƙi. Ita da ta fi kowa sanin kukan ɗanyen itace, ta manta ɗakin a toshe yake.

"Ruwa bai tafasa ba, sanyi ya ƙara shigarta," Hajiya ta ci gaba. "Yanzu dole in ƙara mata wanka na tsakar rana, in rama wanda kinka ɓata."

"Hajiya, kada ki ƙara. Don Allah kada ki ƙara." Iyatu ta miƙe tsaye. "Yarinyar nan ba sanyi ka damunta ba. Wuta ta yi mata yawa. An faɗa muku a asibiti."

"Wa yaf faɗa miki zancen asibiti?"

Iyatu ta ce, "Ido gare ni."

"To ki maida shi kan iccenki. Tara na haifa, tara anka gasa ni, ga ni tsaye. Matan unguwar nan nawa niy yi wa wanka? Mai jego jikinta ɗanye ne, in ba a gasa ta ba ruɓewa ta kai. Kumburi sanyi ne, kowace mace ta san haka. Likitan da ko gemu bai tsiro ba shi za ya koya min jego? Ko so kike a ce marainiya ta haihu a gidana na yi mata rowar ruwan zafi?"

Matan da ke tsaye suka gyaɗa kai. Wata ta ce gaskiya ne, kumburi sai wuta.

"Auna min ƙirya dami uku, kuma a gabana za ki ɗaure."

"Ba ni sayarwa."

"Mi kinka ce?"

"In don wancan ɗaki ne, ba ni sai da miki ko tsinke."

Hajiya ta yi dariya ba tare da fuskarta ta saki ba. "Ke kaɗai ka sai da icce a Sakkwato?" Ta buɗe laima ta tafi, mai baro na bin ta.

Daga ranar ciniki ya ja baya. Matan da ba su taɓa duba damin Iyatu ba suka fara cewa ta kwance su ga tsakiya. Ba wannan ne ya dame ta ba. Daga rumfarta ana hango rufin gidan Hajiya, kuma hayaƙin da ke tashi safe da yamma yanzu har da tsakar rana tashi yake, siriri, mai shuɗi, irin na busasshiyar ƙirya. Ta kwashe ɗanyun sandunan da aka juye mata ta jingine su bayan rumfa, gefen randarta.

Ta tare Jamilu wata safiya zai tafi kasuwa. Ta tsaya a gaban babur ɗinsa sai da ya taka birki.

"Inna, lafiya?"

"Ita nika tambayarka. Yaushe rabonka da shiga ɗakin matarka?"

Ya sosa ƙeya. "Ina leƙawa. Zafin ɗakin ne ba a iya zama."

"Kai ba ka iya leƙe, ita kwana take ciki. Jamilu, kana tsaye likita yay yi magana."

"Inna, sha'anin jego sha'anin mata ne. Ni na yi nawa. Dubi icce, dubi ragon suna, nama ba ya yankewa. Mi ban yi ba?"

"Ɗauke ta ka maida ta asibiti. Yau."

"In tsallake maganar Hajiya? Uwata ce fa. Na taɓa mata zancen, tac ce in na fidda yarinyar kafin arba'in ba da yawunta ba. Kuma mi mutane za su ce? Su ce icce ya ƙare min na fake da likita." Ya tada babur. "Saura kaɗan a yi arba'in. Ana gamawa ni da kaina zan kai ta, in Allah ya so. Ki sa mu a addu'a."

Ya kewaye ta ya wuce.

Iyatu ta ba Illo saƙo ya kai wa uban Zakiyya, tunda hanyarsa ce. Da raƙumin ya dawo da wani kaya, Illo ya tsugunna yana zane ƙasa da tsinke.

"Na same shi a fadama. Yac ce ya gode. Yac ce ɗiya in an ba mutane an ba su, bai kamata ya shiga gidan surukai yana koya musu riƙo ba, ga su manyan mutanen birni. Za ya zo ranar arba'in da kajin barka."

Iyatu ta tashi. Ta ɗebo ruwan randa mai sanyi a kwanon sha, ta rufe da faifai, ta nufi gidan. Ta yi sallama a zaure ba a amsa ba, ta shiga.

Lokacin wankan tsakar rana ne. Zakiyya ta fito daga ɗaki da ɗaurin ƙirji, tana bin bango da hannu biyu. Ƙafafunta sun zama kamar turame. Taku biyu, ta tsaya, bakinta a buɗe tana jan iska, ƙirjinta na kuka kamar tsohon zugazugi. A bakin makewayi tururi ya tokare sama, Hajiya na tsaye da damin ganye a hannu.

"Taho mana, ruwa na hucewa. Raki ne ya yi miki yawa." Sai ta ga Iyatu. "Ke kuma mi ya kawo ki?"

"Ruwa na kawo mata ta jiƙa maƙoshi."

Hajiya ta ɗaga faifan ta tsoma yatsa. "Ruwan randa? Ga mai jego? Ashe da gaske kike." Ta karɓe kwanon ta sheƙa shi a ƙasa. Ƙasar ta shanye nan take, ta bar ɗan duhu kamar inuwar tsuntsu.

Zakiyya ta bi ruwan da ido har ya ɓace. Sannan ta ɗago ta dubi Iyatu. Ba ta yi kuka ba, ba ta da numfashin yin sa.

"Hajiya, ki ji tsoron Allah," in ji Iyatu.

"Shi nika tsoro, shi ya sa nika tsaye kan ɗiyar mutane cikin wagga rana, bayana kamar ya tsinke. Fita min daga gida."

Hajiya ta ja Zakiyya ta shige da ita makewayi. Iyatu tana zaure ta ji saukar ganyen farko a kan fata, da wata 'yar ƙara siririya da ba ta ƙarasa fita ba.

Bayan 'yan kwanaki, da safe, Iyatu tana shimfiɗa buhu ta ɗaga kai kamar yadda ta saba. Rufin gidan Hajiya wayam, babu hayaƙi. Ta ce a ranta, an kai ta, Allah ya taɓa zuciyar yaron nan. Har ta fara murmushi. Sai kukan mata ya taso daga lungun.

Ta zauna a kan dami. Ba ta san tsawon zaman da ta yi ba, sai ganin ƙafafun mutum ta yi a gabanta. Jamilu ne, ba hula, rigar a karkace.

"Inna." Ya share gumi. "Masu haƙa sun aiko. Iccen rufe kabari ya ƙare a maƙabarta, sun ce a taho da shi."

"Ga tsibi a ƙofarku ya fi katanga."

Ya dubi ƙasa. "Hajiya tac ce kada a taɓa shi yanzu, mutane na zuwa gaisuwa."

Iyatu ta tashi ta zagaya bayan rumfa. Sandunan dogon yaro suna nan jingine gefen randa, inda ruwa ke ɗiga. Abin al'ajabi, wasu sun tsiro da 'yan ganye jajaye ƙanana, kamar ba su san an sare su ba. Ta kwaso su ta zube a gabansa, gajeru, masu kauri, daidai faɗin ramin.

Ya ɗauki guda ya juya, ya ga tsiron. Bakinsa ya riga tunaninsa.

"Inna, wanga ai ɗanye ne."

"Awo, ɗanye ne. Shi Zakiyya tar roƙe ni."

Ya ɗago.

"Ta kama hannuna a ɗakin nan da ba ka iya shiga. Tac ce Inna, kawo ɗanye, ko kwana guda in sha iska. Na kai, uwarka ta maido min a baro. Ga shi nan. Kai wa matarka abinta."

Jamilu ya durƙusa a kan gwiwa, sandar a hannunsa. "Kwana ne ya ƙare, Inna. Rai na Allah ne."

"Rai na Allah ne. Wutar kuwa tamu ce. Ni nis sayar, kai kas saya, Hajiya ta iza."

Ya sa hannu a aljihu. Ta girgiza kai, ta ɗaure masa sandunan da igiya, ta ɗora masa a kafaɗa da kanta.

Da yamma ta je gaisuwa, don ba a ƙin gaisuwar mutuwa. An buɗe tagar ɗakin Zakiyya, an zare tsummokaran, an fitar da kaskon, iska na kaɗa labule a kan gadon da ba kowa. Jaririn na bayan wata maƙwabciya yana tsotsar hannu. Hajiya na zaune a tsakiyar mata da carbi, idonta ya kumbura da kuka na gaske.

"Ba abin da ba mu yi mata ba," take cewa duk wadda ta shigo. "Wanka uku a yini. Kunu bai yanke ba. Wuta ba ta taɓa mutuwa a ɗakinta ba. Ku da kanku kun ga icce a ƙofa. Sanyi ne ya riga mu."

Mata suka ce wallahi kin yi ƙoƙari, Hajiya, ko uwar da ta haife ta iyakar abin da za ta yi ke nan.

A gefen tabarma wata yarinya mai tsohon ciki tana zaune kusa da surukarta, hannunta a kan cikin, tana saurare. Surukar ta matsa kusa da Hajiya ta ce a hankali, in wannan ta sauka, ke za mu kira, hannunki ya san wanka. Hajiya ta share hawaye ta ce Allah ya sauke ta lafiya, a dai tanadi ƙirya da wuri.

Ba wanda aka kira gaban alƙali, don ba wanda ya ɗaga sanda. Kowa ya yi abin da aka san mutanen kirki da yi, yarinya ta mutu a tsakiyarsu da ƙishirwa.

Iyatu ta yi addu'a ta fito. A ƙofar gida wasu baƙi biyu da suka zo gaisuwa sun tsaya sun ɗaga kai suna kallon tsibin itacen, ƙadangaru na gyaɗa kai a samansa. Ko sanda guda bai ragu ba.

Ɗayan ya ce, "Allah sarki. Dubi yadda yaron nan ke son matarsa."